Ranar da Na Kayar da Darnin Surukaina

Ba zan taɓa mantawa da Sallar farko bayan aurena ba, kuma ko na so in manta, mutanen ƙauyen surukaina da ke wajen Yekuwa ba za su bar ni ba. Har yau in na tsayar da moto, wato babur, a ƙofar gidan, sai an samu wani tsoho ya ce, "A riƙe darni, Mushe ya iso." (Mushe ake ce wa malamin lakwal, wato makarantar boko, a wajenmu, kuma aikina ke nan tun ina saurayi.) Da can in aka faɗi haka sai in ji kamar in nutse. Yanzu kuwa in na je ban ji an faɗa ba, sai in ji ziyarar ba ta cika ba.

Ba a daɗe da kawo mini amaryata Balki ba, moto ya kayar da ni a rairayin hanyar Dogo-Dogo. Ba wanda ya buge ni, ni ne dai na ga hadari na ce sai na riga ruwa zuwa gida. Gwiwata ta dama ce ta karɓi hukuncin. Maɗori ya ɗaure ta da karare, na yi zaman ɗaki har na gaji da ƙirga azarar rufi. Ranar da aka kwance ɗorin, sai ga ƙafa ta fito a miƙe kamar taɓarya, cinyar ta tsotse, in na ce ta lanƙwashe sai ta nuna mini ba ta san zancen ba. Salla ma a kan kujera nake yi, kusa da tsofaffin da suka girmi ubana.

Amma gaskiya ba sallar ce ta fi hana ni barci ba (Allah Ya gafarta mini, Shi dai Ya san uzurina). Baba Manzo ne, mahaifin Balki. Tsohon manomi ne wanda tun farko bai so ba ɗan lakwal ƴarsa ba. Cewa yake ƴan lakwal a tsaye suke gaida mutum, hannu a aljihu. Sai da kawuna ya yi ta zarya yana rantse masa cewa ni ina da ladabi sannan ya yarda. To ga Salla ƙarama tana tahowa, dole ango ya je gaisuwar surukai, kuma dole ya durƙusa har ƙasa. Na san in na tsaya ƙiƙam na ce ƙafa ce, zai ce, "Allah Ya sawwaƙe," da bakinsa. A ransa kuwa zai ce, ai dama na faɗa.

Shi ya sa na tafi Damagaram wajen mai gyaran gaɓoɓi, wanda ake ce wa kine. Na shiga ina tsammanin za a ɗora ni kan wani inji mai ƙara. Sai mutumin ya zaunar da ni a kan gado, ya naɗe wani zane ya tura ƙarƙashin gwiwata.

"Danna shi da bayan gwiwa. Kar ka ɗaga ƙafar, kar ka motsa ta. Danna kawai, ka riƙe, kana numfashi."

Na danna. Ban ga abin da ya faru ba, sai na ce, "Likita, yaushe za a fara?"

Ya yi dariya ya ce, "Ai mun fara, Mushe. Taɓa cinyarka ka ji."

Na taɓa, sai na ji ɗan naman da ya rage ya ɗaure yana rawa. Ya ce da Faransanci sunan abin izometirik, wato nama ya yi aiki gaɓa tana tsaye wuri ɗaya. Gwiwar da ta ji ciwo ba ta son a yi ta wujijjiga ta, amma naman da ke riƙe da ita yana bukatar ya farka. In ya yi ƙarfi, sai a riƙa jawo diddige a hankali, lanƙwasa ta dawo kaɗan-kaɗan. Da na ɗan samu sauƙi ya ƙara mini wani: in jingina baya da bango, in sauka kamar zan zauna a kujerar da babu ita, in tsaya nan har cinya ta fara magana. Ya ja mini kunne a kan abu biyu. In na ji zafi mai suka in daina, kuma in tabbata abin da na jingina da shi ba ya motsi. Na farkon na riƙe shi da kyau.

Kwanakin nan su nake tunawa da daɗi yanzu. Ɗaki ɗaya muke haya a Magariya, bangonsa na siminti. Da asuba bayan salla in jingina da shi, fuska a murtuke, gumi yana zuba, ni kuwa ko gezau ban yi ba. Balki, wadda har lokacin kunyata take ji, sai ta ja mayafi ta rufe baki, kafaɗunta kawai nake gani suna rawa. Maƙwabcinmu ya taɓa leƙowa ya same ni a haka, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Mushe, ko a kawo maka kujera ta gaskiya? Akwai a ɗakina." Da azumi ya kai tsakiya na fara ruku'u ba tare da na riƙe bango ba. Ana jibi Salla na gwada durƙuso a tsakar ɗaki, na kai kusan ƙasa, Balki ta ce, "Saura ƙiris." Na lura da abu ɗaya: in na yi zaman kujerar nan tukuna, gwiwar takan yi ɗumi ta ba da haɗin kai. In ban yi ba, sai ta ƙi.

Washegarin Salla muka kama hanya. Balki ta riga mu tafiya tun jajibiri, ni kuma abokina Sanusi ya goya ni a motonsa. Na sa babbar riga mai sitaci, na kafa hula. Damina ce, an yi ruwa da dare, gero ya kai ƙirji dama da hagu, hanya duk laka da rairayi. Kafin mu isa, gwiwar ta sandare saboda zama.

Muka tarar Baba Manzo yana cikin zaure da baƙi. Aka ce mu ɗan jira. Na raɗa wa Sanusi cewa ina zuwa, zan zagaya. Ya ɗauka buta nake nema. Ni kuwa bango nake nema, kuma a nan na gane kuskuren ɗan birni: gidan babu bango sai na zauren, shi kuma jama'a ce zaune a gindinsa. Sauran gidan duk darnin kara ne. Ba zan tsaya gaban mutane ran gaisuwar surukai in zauna a kan iska ba. Sai na bi ta gefe, na zagaya har can bayan gida inda babu kowa sai gona. A kusurwa na ga wata dirka mai kauri da aka ɗaure darnin a jikinta. Na ɗan taɓa ta da yatsa biyu (wai gwaji ke nan), na ce wannan ta yi.

Abin da ban sani ba shi ne, Inna, mahaifiyar Balki, tana jin an ce ango ya iso ta ɗauki akushinta ta gudu. Ka san yadda surukuta take a wajenmu. Tun da na fara neman Balki, ni da Inna ba mu taɓa haɗa ido ba, ba ta taɓa kama sunana ba, balle ta ci abinci inda zan gan ta. Tun safe tana fama da tukwane ba ta sa komai a baki ba, sai ta nemi wurin da ya fi ko'ina nisa da zaure don ta ci tuwonta a ɓoye. Ni ma wurin da ya fi ko'ina nisa da zaure na nema. Ita ta ciki, ni ta waje, kara kawai ke tsakaninmu.

Na tattare babbar riga, na jingina, na sauka a hankali. Cinya ta fara ɗaukar zafi yadda nake so. Har na fara yabon kaina a zuci, na ƙara danna baya kamar yadda nake yi wa bangon siminti. Sai na ji wani ɗan ƙas daga ƙasa. Ashe gara ta daɗe da cinye gindin dirkar, ruwan dare kuma ya jiƙa rairayin. Ba faɗuwa ce ta farat ɗaya ba, da ma hakan ne. A hankali muka tafi, ni da dirka da darnin gefe guda, ina ganin sama tana juyawa ina da lokacin yin salati, har bayana ya taɓa ƙasa a cikin gidan surukaina. Kaji suka watse. Hulata ta gangara, ba ta tsaya ko'ina ba sai cikin kwanon miya.

Na juya kai. Ga Inna zaune a kan turmin da aka kifa, ba mayafi, loma a hannu, baki a buɗe. Muka kalli juna ido cikin ido, karon farko a rayuwa.

Ban san yadda aka yi na tashi ba. Na dai tsinci kaina a durƙushe, har ƙasa, diddige ya taɓa mazaunai, abin da na yi ta nema tun da aka kwance ɗori. Kaina a sunkuye na ce, "Inna, ina kwana. An yi Salla lafiya?" Ita kuwa ta jawo faifai ta rufe fuska. Da ta samu ta haɗiye lomar, ba ni ta amsa wa ba. Ta juya wajen ɗaki ta ce, "Ke Balki, zo ki tambayi baƙon nan ko ya ji ciwo."

Kafin Balki ta iso, duk wanda ke zaure ya iso. Sanusi, wanda ya kamata ya rufa mini asiri, shi ya fara zama ƙasa don dariya. Baba Manzo ya tsaya ya dubi darninsa, ya dubi matarsa a bayan faifai, ya dubi hular da ke shan miya, sannan ya dube ni.

"To. An ce mini ƙafar Mushe ba ta lanƙwasuwa. Ga shi bai durƙusa shi kaɗai ba, har da darnina ya sa ya durƙusa."

A durƙushen nan na yi masa bayani (dama ba zan iya tashi ba, sai daga baya Sanusi ya ɗaga ni ta hammata). Na gaya masa zancen kine, da kujerar da babu ita, da cewa tsoron gaishe shi a tsaye ne ya kai ni bayan gidansa. Ya daɗe yana kallon gwiwar. Sannan ya ce, "Saboda ni ka yi ta wannan wahala?" Na ce e. Ya ce, "Tashi, ɗana, ka gaisu. A wanke masa hula." Daga ranar bai sake zancen ƴan lakwal ba, a gabana dai. Da muka koma da Babbar Salla, na tarar ya kafa sabuwar dirka ta icen ƙirya a kusurwar nan, kaurinta ya kai cinyar ƙato. Bai ce mini komai a kanta ba, amma duk ƙauyen dirkar Mushe suke ce mata.

Shekaru suka wuce. Gwiwoyin Inna suka fara ciwon tsufa, har ta koma salla a zaune. Wata rana muna can, Balki ta zo ta ce, "Inna ta ce wai wancan abin da kake yi, tsofaffi ma suna iyawa?" Na tambayi kine, ya ce na zanen nan zai yi mata, a hankali. A kusurwar muka yi karatun. Ita tana ciki a kan tabarma da zane a naɗe ƙarƙashin gwiwa, ni ina waje, Balki tana tsaye tana isar da saƙo alhali muna jin juna sarai. In ce, "Ce mata ta danna, kar ta riƙe numfashi." Inna ta ce, "Ce masa ina dannawa, ba abin da ke motsi." In ce, "Ce mata haka ake so." Bai mayar da ita yarinya ba, amma ta samu ta riƙa tashi daga tabarma ba sai an kama ta ba, kuma hakan ya faranta mata rai ƙwarai.

Zuwana na ƙarshe kafin rasuwarta, muna cikin wannan karatun aka kira Balki, tukunya tana ƙonewa. Muka rage mu biyu. Na gaji da tsayuwa, na kai hannu zan dafa dirkar, sai na janye. Ashe tana ganina ta tsakanin kara. Sai na ji muryarta ƙasa-ƙasa, tana danne dariya.

"Jingina abinka, Mushe. Wannan ba ta faɗuwa."

Maganar da ta taɓa yi mini kai tsaye ke nan, ita kaɗai. Allah Ya jiƙan Inna, ina kewarta fiye da yadda suruki yake da izinin faɗa.

Abin da na koya bai taka kara ya karya ba: in likita ya ce ka jingina da abin da ba ya motsi, kar ka gwada shi da yatsa biyu, kuma ka tambaya wa ke zaune a bayansa. An sauya darnin gidan ba adadi tun daga lokacin, amma dirkar tana nan. Duk zuwan da na yi, bayan na gaida Baba Manzo a durƙushe, sai na zagaya baya na jingina da ita, na sauka a kujerata ta iska. Har yanzu kafin in jingina nakan yi gyaran murya tukuna, ko da yake na san babu kowa a ciki.