Murhun Behjat

Tun jiya mai gyara ya gama girka sabon murhun gas a bangon falon Behjat, ya haɗa bututunsa da tsohuwar hanyar hayaƙi, ya tafi. Ba ta kunna ba. Tun shekarar da ɗanta Kaweh ya kwanta barci a ɗakin hayarsa na jami'a, murhu na ci, bututu a toshe, bai farka ba, ba ta sake kunna wutar ɗumama ɗaki ba. Da bargo take cin sanyin birnin Hamadan. Amma gobe 'yarta Taraneh za ta zo da jaririya, kuma dusar ƙanƙara ta riga ta sauko kan tsaunin Alwand. Ko a kunna, ko a ce musu kada su zo.

Tana tsaye gaban murhun sai ga Hushang, ɗan kawunta kuma taubashinta, da igiya a kafaɗa da dutse a hannu.

"Lafiya lau, in dai wannan gida ne ba ɗakin sanyi na ajiye nama ba," in ji shi tun kafin ta gama gaisuwa. "'Yar gwaggo, mahauta na neman ki ba su haya."

"Su fara rataye ka. Tsohon nama ba ya ruɓewa da wuri. Wannan dutsen fa? Sadakin da ka kasa biya na ne ka kawo yanzu?"

"Allah ya tsare ni. Ai na yi yanka na godiya ranar da wani ya ɗauke ki. Kunna mu gani."

"Ban kunna ba."

"Mai gyara ya ce komai daidai."

"Mai gyara ba a nan zai kwana ba."

Hushang ya dube ta, ya sauke igiyar.

"To, gani ya kori ji. Zan hau soro in zura dutsen nan ta bakin bututu. In kin ji ya ƙwanƙwasa ƙarfe a bayan murhu, hanya a buɗe take."

"Kai za ka hau soro? Da wannan tumbin? Bari in fara kiran mai gini."

"Ni da na hau Alwand da ƙafa ɗaya, ɗauke da jaki?"

"Na ji labarin. Jakin ne ya ɗauko ka, har yau iyalansa na zaman makoki."

Ya hau yana nishi. Ta buɗe taga don su ji juna, ta kara kunne a bango.

"Kin ji?" ya ɗaga murya daga sama.

"Ban ji komai ba sai hakinka."

"Kunnenki ne ya tsufa. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo."

"To wannan bai faɗo ba."

Ta ji yana kartar cikin bututun da wata wayar ƙarfe. Can sai ga shi ya sauko, fuska duk baƙi, riƙe da ƙunshin tsohon buhu da ya taurare da ƙura.

Behjat ta gane buhun. Kowace bazara mutanen unguwa sukan toshe bakin bututu don kada tsuntsaye su yi sheƙa, su cire in sanyi ya kama. Ita ta toshe nata a bazarar da ta biyo rasuwar Kaweh, ba ta kuma sake hawa soron ba. Ta zauna a bakin kujera, tana lissafin inda shimfiɗar jaririya za ta kasance, taku biyu daga murhun.

"Laifi tudu ne," in ji Hushang a hankali. "Ni na ce ki kunna. Taurin kan nan naki yau ya yi rana. Kada dai ki saba, sau ɗaya ake samun haka a ƙarni."

"Je ka wanke fuska. Ka fi kyau a haka, amma za ka tsorata min jika."

Ya koma sama tukuna. Wannan karon dutsen ya sauko ya ce ƙwal a bayan murhu. Ya daidaita hular bututun yadda iska ba za ta mayar da hayaƙi ciki ba, ya ɗaure ta da waya, ya sauko ya miƙa mata ashana.

"Ni ba zan kunna ba. In gemuna ya ƙone wa zai aure ni?"

Ta karɓa. Ta farko ta karye. Ta biyu ta kama, wuta ta tashi shuɗiya, ba ja ko ɗaya. Suka jira. Da aka jima ta ɗora tafin hannu a bango daidai inda bututun ya bi, ta ji ɗumi yana hawa sama.

Hushang ya nufi taga zai rufe.

"Bar ta."

"Haba Behjat! Titi za ki ɗumama? Karnukan unguwa su zo su yi miki godiya?"

"Faɗin tafin hannu kawai. Bar ta."

Ya tsaya, hannunsa kan ƙarfen tagar, sannan ya yi 'yar dariya ya sake ta.

"Kin ci. Ni ma haka nake barin tawa tun waccan shekarar. Matata ta ɗauka mantuwa ce."

Behjat ta ɗauko rumman mafi girma a kwando ta dangwara masa a hannu.

"Ungo. Ka ci a waje, kada ka ɓata min darduma."