Ranar da Na Tara wa Duna Mutane

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar sunan ɗana na fari, kuma ko na so in manta, mutanen unguwarmu a Ƙaura Namoda ba za su bari ba. Kowane uba abin da yake tunawa a irin wannan rana shi ne addu'a da taron dangi. Ni kuwa kare nake tunawa, da katanga.

Karen na mahaifina ne, sunansa Duna, baƙi wuluk. Da zama ya gagara a ƙauyenmu na wajen Zurmi, Baba da Inna suka dawo wurina da ɗan kayansu da awakinsu, Duna na biye. Na yi ta ƙorafi, na ce nan cikin gari ne, me mutane za su ce in sun ga kare a gidana? Baba ya dube ni ya ce, "Wanga kare shi ya tashe mu ranar da ɓarayin daji sunka shigo gari. Da bai yi haushi ba, da yanzu ba ka da uban da za ka yi wa ƙorafi." Daga nan na haƙura. Aka yi wa Duna wuri a bayan gida kusa da awaki, ba ya shiga ɗaki, ba ya zuwa inda ake salla, kowa ya zauna lafiya.

Ana saura 'yan kwanaki suna, Inna ta tare ni a tsakar gida ta ce, "Rannan Duna ya faɗi shina ta makyarkyata, sannan ya tashi kamar ba shi ba. Ko za a kai shi a duba?" A lokacin waya na manne a kunnena, ina ciniki da mai rago. Na ce, "To, Allah ya sawwaƙe," na wuce. (Wallahi na ɗauka zancen wani maƙwabci take yi.)

Ranar suna surukina Alhaji ya zo daga Shinkafi da ƙannensa. Mutum ne mai kwarjini, ba ya yawan magana, ni kuma tun da na auri 'yarsa nake neman ya ɗauke ni namiji. Sana'ata safarar hatsi ce, to da hira ta kai kan halin da hanya take ciki, sai na gyara zaman babbar rigata na ce, "Ai ni hanyar nan ba ta ba ni tsoro. Mutum in abu ya taso masa, natsuwa ake so." Alhaji ya gyaɗa kai ya ce, "Madalla." Na ji kaina ya yi girma.

Bayan an raɗa suna an shafa fatiha, na shiga bayan gida in ga yadda ake fiɗar rago. Mata sun cika tsakar gida, manyan tukwane na kan wuta. Ina ƙarasawa wajen awaki sai na ga Duna tsaye ya kafe ido a wuri ɗaya, kamar mai kallon wani abin da ba na gani. Sai kawai ya kife a gefensa. Ƙafafunsa suka sandare, sannan suka shiga shure-shure, haƙoransa na haɗuwa kaf-kaf, kumfa na fita daga bakinsa, ga fitsari ya sake.

Natsuwar da na gama wa'azinta a ƙofar gida ban san inda ta shiga ba. Na buɗe baki iya ƙarfina na ce, "Mahaukacin kare! Jama'a ku gudu!"

Waɗanda ke waje ba su ji zancen kare ba, "ku gudu" kawai suka ji. Duk wanda ya zauna a yankinmu ya san abin da wannan kalma take yi wa zuciya. Mata suka suri 'ya'yansu suka yi ƙofa, maza suka yo ciki, aka yi karo a zaure. Tukunyar miya ta kife. Matata da ke jego ta fito da jariri a hannu ba ko ɗankwali, tana tambayar ta ina ɓarayin suka shigo.

Ni kuwa ban tsaya ganin wannan ba. Na taka turken awaki na ɗare katanga, babbar riga da komai. Garin hawa zariyar wandona ta tsinke, hulata ta faɗa cikin kwanon ruwan awaki. Haka na zauna bisa katanga kamar mai hawan jaki, hannu ɗaya riƙe da wando, ɗayan ina nuna Duna, ina ci gaba da ihu.

Da abin ya tsaya nan, da dariya kawai zan riƙa yi in na tuna. Amma maƙwabcina Garba ya shigo da gora a hannu. Ya ji maigida da kansa yana cewa kare ya haukace, ga yara a gida, me ake so ya yi? Ya ɗaga gorar ya sauke wa Duna a ƙafar baya. Har yau ina jin ƙarar nan. Ya sake ɗagawa, sai ga Baba, tsohon da ciwon gwiwa ya hana shi sauri, ya ratso mutane ya tsaya tsakaninsu.

"Duk wanda ya ƙara taɓa shi, ni ya taɓa," in ji Baba. "Ba hauka ba ce, ciwo ne."

Inna ta biyo shi a baya. Ta janye turmi da wuƙaƙen fiɗa daga kusa da karen, ta ninke buhu ta tura ƙarƙashin kansa, sannan ta juyo ta ce, "Ku ja baya, ku yi shiru. Yanzu za ya sake shi." Haka kuwa aka yi. Shure-shuren ya lafa, Duna ya kwanta yana haki, yana duban mutane kamar bai san su ba. Can ya gane Baba, ya kaɗa wutsiya, ya yunƙura zai tashi, ƙafar ta ƙi ɗaukarsa. Ya koma ƙasa yana wani siririn kuka.

Sai a lokacin na lura kowa ya ɗago kai yana kallona, har matan gidan da ke bayan katangar. Alhaji na tsaye hannuwansa a baya. Ya ce a hankali, "Angon ƙarni, sauko hakanan. Baƙi na jira."

Na ce, "To, Alhaji." Amma ba na iya saukowa da hannu ɗaya. Sai da ƙanensa ya kawo mini turmi na taka, wani kuma ya miƙo mini hulata tana ɗigar ruwa. (Na karɓa na sa. Kada ku tambaye ni dalili.)

Washegari muka kai Duna wurin likitan dabbobi, ni da Baba. Likita ya tambaya ko an yi masa allurar rigakafin haukar kare. Na sunkuyar da kai na ce an yi, kuma ni da kaina na kawo shi a bara. Ya duba shi sosai, ya ce a ware shi na ɗan lokaci a sa masa ido, amma alamu sun fi nuna farfaɗiya, karnuka ma suna yinta. Ya ce in ta tashi kada a danne shi, kada a sa masa hannu ko wani abu a baki, kada a ɗura masa ruwa. A kawar da abin da zai ji masa ciwo, a rage hayaniya, a lura da daɗewarta, in ta ƙi tsayawa ko ta yi ta dawowa a garzayo da shi. Ya rubuta magani, ya ɗaure ƙafar, ya ce da wuya ta koma daidai.

A hanyar dawowa na yi ta jiran Baba ya yi mini faɗa, don da na samu sauƙi. Bai yi ba. Sai da muka kusa gida ya ce, "Uwarka ta gaya maka fa." Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Tun daga lokacin ni nake ba Duna maganinsa safe da yamma, a cikin lomar tuwo. Ba wanda ya ɗora mini, ni na ɗauka. Ciwon ya ragu amma bai rabu da shi ba. Karo na gaba da ya tashi ni kaɗai ne a bayan gida. Ƙafafuna suna ba ni shawarar da suka saba, amma na kori awaki, na janye kwanoni, na tsuguna nesa kaɗan ina kiran sunansa a hankali har ya dawo hayyacinsa. Na wanke wurin, na wanke hannuna, na zauna na daɗe ban tashi ba.

Ƙafar ta warke a karkace. Garba ya zo ya ba Baba haƙuri har sau da yawa, ni kuwa na san ba gorarsa ce ta fara ba, bakina ne. Abin da ya fi damuna shi ne Duna bai riƙe ni ba. Da ya ji ƙarar motata zai taso yana ɗingishi yana kaɗa wutsiya, kamar ni ne mutumin kirkin gidan.

Abin da na koya bai da yawa. In aka ce maka wani ba shi da lafiya, ko da kare ne, ka sauke wayar ka saurara. In kuma abu ya firgita ka, ka ba idonka dama kafin ka ba bakinka, don mutane suna ɗaukar ihun maigida da gaske, ko da maigidan bai san abin da yake faɗa ba.