Ranar da Na Kama Dage ta Wutsiya

Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba na dawo Dakoro daga Gaya, inda na yi aikin kwale-kwale. A can na ga kunamar ruwa, wani kifi mai faɗi da ƙaya a wutsiya, kuma tun daga ranar na ɗauki kaina masanin dabbobi.

Na tarar dage ya addabi garin Kawu Idi a wajen Mai Yara, ya cinye mishi kaji, ya fasa amyar zumarshi. Maza suka taru bakin ramin dagen, kowa na ja da baya.

Na ce musu, "Ai dangin kunamar ruwa ne. Duka biyu shimfiɗaɗɗu ne, duka a rairayi suke ɓuya. In ka riƙe wutsiya, ka gama da shi."

Kawu ya ce, "Ɗana, wannan ba kifi ba ne."

Na naɗe hannun riga, na zura hannu. Wutsiyar kuwa na kama, sai dai dage yana juyawa cikin fatarshi kamar mutum cikin babbar riga. Nan take ya juyo ya cafke mini yatsu da haƙora. Karen Kawu ya shigo cetona, dagen ya farke mishi ciki, ya fice abinshi. Kawu ya binne karen, sannan ya ɗora ni a jaki zuwa likita, inda na bar yatsu biyu.

Har yau in an kawo tuwon biki, tsofaffin garin rige-rigen zama kwano ɗaya da ni suke yi, wai lomata ƙarama ce.