Ranar da Ɗan Dutsen Laita Ya Cije Ni a Gaban Ansifekta

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Talata a Ƙonni ba, ko da kuwa tsufa ya sa na manta sunana. Lokacin ina sabon malamin kimiyya a kwaleji, farkon shekarun casa'in, ga ƙuruciya ga girman kai. Sai aka ce ansifekta zai zo daga Tawa ya duba darasina. Idan ya gamsu a tabbatar da ni a aiki, idan bai gamsu ba in tattara in koma ƙauyenmu Bazaga in kama hauya tare da Baba.

Na ce wallahi sai na nuna masa abin da bai taɓa gani ba. Na taɓa karantawa a Yamai cewa akwai wasu duwatsu masu ban mamaki, waɗanda ƙarfin lantarkin cikinsu duk ya fuskanci gefe guda kamar sahun salla. In aka buge su ko aka ɗumama su, sai ƙwayoyin lantarki, wato elektaron, su yi tsalle su fito daga jikinsu. Irinsu ne ke cikin laitar nan ta kunna wuta mai maɓalli da ke cewa ƙas. Na sayi ɗaya a kasuwa, na fasa ta, na ciro ɗan dutsen da maɓallinsa da wayarsa, na naɗe shi da baƙar robar tayar keke. Kwana uku ina dannawa, tartsatsi shuɗi na fita, ina jin kaina kamar ni na ƙirƙiro wuta.

Da safiyar ranar na dubi robar nan, na ga ta yi muni. Yaya za a kai wa babban mutum abu kamar majaujawa? Na warware ta, na naɗe abin da takarda mai ƙyalli ta cikin kwalin shayi. Matata Hadiza tana kallo, ta kira ni da Mushe kamar yadda ake kiran malaman boko a wajenmu, ta ce, "Mushe, ba kai ka ce robar ce ke hana shi cizo ba?"

"Ke, wa ya yi karatu a Yamai, ni ko ke?" (Har yau in mun yi gardama, da wannan maganar take rufe mini baki.)

Ansifekta dattijo ne mai farin gemu da tabarau. Ya zauna a bayan aji ya baje takardunsa. Na cika allo da zane, na yi bayani da faransancin da ni kaina ya burge ni. Sannan na ɗaga abina sama yana walƙiya, na ce, "Ku buɗe idanunku, yanzu elektaron za su fito."

Na danna.

Sun fito kam, jama'a. Sai dai ba su bi iska ba, ta takardar shayi suka biyo suka shige yatsuna har gwiwar hannu. Faransanci ya gudu ya bar ni. Na daka tsalle na kurma ihu, "Wayyo Inna!" Abin ya tashi sama ya faɗo ƙwal a kan takardun ansifekta. Ajin ya kece da dariya, wasu har da bugun tebur. Ni kuwa ina tsaye ina tsotsar yatsa, a raina ina ganin gonar Bazaga da hauyata a jingine. Kunya ta kama ni har na ji kamar in shige ƙarƙashin tebur.

Dattijon ya ɗauki abin da bakin alƙalami, ya juya shi, ya tambayi ajin, "Mi ya sa wuta ta kama malaminku?"

Suka amsa baki ɗaya, "Takardar ƙarfe ce, wuta na bin ta! Da roba ya sa, da ba ta kama shi ba!"

Ya gyaɗa kai, ya yi rubutu. Da zai fita ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗana, yaranka sun gane darasi. Saura kai."

An tabbatar da ni. Amma har na bar Ƙonni ba wanda ya ƙara kirana da sunana, daga lakwal, wato makaranta, har kasuwa Mushe Wayyo-Inna ake ce mini. Tun ranar na daina yi wa kayan aiki kwalliya, kuma in Hadiza ta ce a bar roba, to a bar roba.