Gyaɗa Kan Pak Darmaji

"Ni fa aikin talabijin a tafin hannuna yake," in ji Pak Darmaji, wato Malam Darmaji, mai kaji, yana dukan ƙirji. "Da ina Jakarta, ba labarin da ke fita sai na ce a sake shi."

Mu dai a kasuwa mun san wayar kyamara kawai ya taya su naɗewa kafin su sallame shi. Amma wa zai tanka? Bakinsa ya fi injin figar kajinsa ƙara.

Ana dab da zaɓen shugaban kasuwa, shi da Bu Sumiyem, matar nan mai sayar da tempe, wainar waken soya, ke takara, sai ga 'yan talabijin ɗin garinmu sun zo ɗaukar rahoto kan kwatar da ta toshe, wadda warinta ya kore mana masu saye. Gogan naka ya ja ni gefe.

"Mas Tukijan, ka san insat?"

"Ina zan sani? Barkono nake sayarwa."

"Kai, jahilci ciwo ne! In mai tace hoto ya yanke tsakiyar maganar mutum, sai hoton ya yi tsalle. Don a rufe wurin, sai a liƙa hoton wani yana sauraro yana gyaɗa kai. Faci ke nan, irin na taya. Shi ne insat. Sumiyem kuwa ba ta iya magana ba, sai an yi ta yanka. Duk inda aka yanka, fuskar wa za a liƙa?"

"Ta wa?"

"Tawa mana, dolo! Ita da surutu, ni da fitowa. Gari ya ga shugaba."

Wallahi bayaninsa daidai ne, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Ya cika mai ɗaukar hoto da tsiren kaza, ya tsaya gaban kyamara da sabuwar rigar batik, ya dinga gyaɗa kai: na natsuwa, na murmushi da hannu a ƙirji, har da na sauri. Da aka koma bakin kwata ɗaukar Bu Sumiyem, na ce, "Pak, ba za ka je ka ji me za ta ce ba?"

"Me mai tempe za ta ce?"

Washegari da yamma ya fito da talabijin ƙofar shagonsa, ya sa matarsa ta dafa soto, farfesun kaza, tukunya guda, ya gayyato kasuwa kaf. Aka fara labarai. Ga Bu Sumiyem.

"Gashin kaji ne ya toshe kwatar nan," in ji ta.

Sai ga Darmaji ya cika allo, yana gyaɗa kai a natse kamar alƙali.

"Kun gani?" ya daka tsawa. "Ni ne!"

"Mutum ɗaya ne kuma ke figar kaji a layinmu," in ji Bu Sumiyem a talabijin.

Sai ga Darmaji da murmushi, ya dafa ƙirji.

"Da yana da kunya, da ya shiga ya kwashe da hannunsa."

Sai ga kan Darmaji yana sama yana ƙasa kamar na ƙadangare.

Jama'a suka kece da dariya, wani har soto ya sarƙe shi. Darmaji ya miƙe tsaye yana ihu.

"Ba a nan na gyaɗa ba! Faci ne! Insat ne! Tukijan, gaya musu!"

"Ni barkono nake sayarwa, Pak."

Bu Sumiyem ta suɗe cokali, ta ce, "Pak Dar, kan naka ne ko na aro? Gari duk ya ga ka amsa." Matar Darmaji ta shiga ta fito masa da shebur.

Ranar zaɓe Darmaji, Sarkin Insat, na cikin kwata har gwiwa, shebur ya karye, yana kwasa da hannu. Tsohon shugaban kasuwa ya leƙo daga sama ya ce, "Pak Dar, Bu Sumiyem ta lashe. Ka yarda?"

Sai gogan ya sa hannuwan nan biyu, baƙaƙe ƙirin da ƙazanta, ya riƙe kansa gam kada ya motsa.