Janwe da Bijiman Tambari

"Ina gajiyar hanya, direban akwala?"

"Babu gajiya, tsoho. Kai dai ina gajiyar zama?"

Malam Tambari na Birnin Tsaba ya amsa gaisuwar jikansa Kamilu, amma idonsa na kan wata takarda mai sheƙi da ke leƙowa daga aljihun yaron. Kamilu direba ne, yana jigila tsakanin Ƙaura da Zurmi, har Shinkafi ran kasuwa. Duk damina in ya ratso ƙauye sai motarsa ta kafe a taɓon fadama, bijiman tsohon guda biyu su fiddo ta. Ba abin da Tambari ke tinƙaho da shi a duniya kamar wannan.

"Takardar mi ta wagga? Ko sammaci anka yi maka?"

"Kamfani na ya zo tasha. Ka yi rajista, in mota ta lalace ka buga waya su taho da janwe da bakanike. Tsari biyu na: ƙarami iyakarshi kwalta, babba ko cikin daji ka kahe sai sun jawo ka. Babban ni ka so."

Nan take kishi ya turnuƙe tsoho, har goron bakinsa ya fita daɗi.

"Janwe! Wane irin ƙaho gare ta?"

"Ƙugiya gare ta, kuma ba ta tsayawa cin ciyawa tsakiyar aiki."

"Bijimaina sun taɓa jan tirela da buhu ɗari ukku, direban na barci bai sani ba."

"Bijiman da sunka girmi uwata? Bara sai da hwasinja sunka tura mota, sunka dawo sunka tura shanu."

"Ƙarya ka kai, mai kunnuwan faranti! Ran da anka haihe ka ungozoma da kunne ta jawo ka."

"Gadonka na. Shi ya sa matarka Nagoggo ta ce in ta rabu da kai ni za ta aura."

"Tahi da ita, in ga mi za ka ciyar da ita, baƙin mai?"

Kamilu ya ƙyalƙyale da dariya, ya zaro biro zai cika takarda. Tambari ya ga da gaske ne. Tsoro ya kama shi, don ya san abin da bai taɓa faɗa ba: yaron nan ba ya wuni a gidan sai ran da mota ta kafe.

"To cika," in ji shi, murya ta sauka. "Janwe ta ɗauke ka daga fadama ta kai ka Ƙaura. Ni kuma sai in riƙa ganin ƙurarka daga nesa."

Kamilu ya dubi kakansa, biro a hannu. Can ya yi maki a kan ƙaramin tsari.

"Na ba su kwalta. Taɓo naka na, tsoho, kai da 'yan fanshonka."

Ya buɗe but ɗin motarsa ya sauke buhun dusa a gabansa.

"Ka ba su su yi ƙwari."

Tambari ya kau da kai yana murmushi, yana goge ido da hannun riga.

"Allah kawo ruwa mai yawa bana, ja'iri. Ka kahe har gatarin mota!"