Sirdin Baban Keke Ya Kwanta Dama

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, iyalan mai gyaran agogon nan da kowa ke kira Baban Keke suna sanar da rasuwar sirdin kekensa, wanda ya cika ranar Talata da hantsi, yana da shekara goma sha tara a bakin aiki.

Marigayin fata ce zalla, mai ƙusoshin tagulla. Da taurin kai ya shigo gidan nan. Shekara biyu cur suna kokawa da maigidansa, Baban Keke yana tafiya a tale kamar wanda aka yi wa allura, kafin fatar ta sauko ta ɗauki siffarsa: lotsawa biyu, ta hagu ta ɗan fi zurfi. Daga nan ba a ƙara jin kansu ba. Sau bakwai suka ratsa hamada tare, inda ake kwana huɗu ba a ga ɗan'adam ba. In an yada zango, kafin a kafa tanti, kafin a kurɓi ruwa, sai an shafa wa sirdi mai. Wannan fa mutumin da ya yanke rabin buroshin haƙoransa ne don rage nauyin kaya, amma gwangwanin man sirdi bai taɓa zama a gida ba.

Marigayin ba mai surutu ba ne. In hanya ta yi kyau, shiru. In an shiga yashi sai ya ce ƙiiƙ, ƙiiƙ, kuma Baban Keke ya rantse sirdin ya fi wasu 'yan'uwa iya ba da shawara. Mu 'yan'uwan mun ji, mun haɗiye.

Marigayin bai yi jinya ba, maigidan ne ya yi. Watan jiya likita ya saurari ƙirjin Baban Keke ya ce shi da hamada sai dai labari. Baban Keke ya ce to, ya dawo gida ya ci gaba da ɗaure kayan tafiya ta takwas, wai ta ban kwana. 'Ya'ya suka roƙa, bai ji ba. Matarsa ta san fasa taya wasan yara ne ga mai liƙe ta ido rufe. Zaman shekara talatin da huɗu ba banza ba ne, ta san inda ran tafiyar yake. Yana fita shago ta kwance sirdin da sifanarsa shi kansa, ta tafasa shi a tukunya, ta shanya a rana. Ya dawo ya tarar da shi ya murɗe kamar tsohon takalmi. Ba ta ɓoye ba, ba ta kuma ba da haƙuri ba. Ta ce gara ya shekara ba ya yi mata magana, in dai a gida yake yin shirun.

Sabon sirdi sai ya ci shekara biyu kafin ya saba da mutum. Baban Keke aikin agogo yake, ya iya lissafin lokaci: ya san tafiya ta takwas ta bi sirdin. Ya zauna a bakin ƙofa ya yi kuka, kuka na gaske, har mu da muka zo da niyyar tsokana muka zauna gefensa.

Marigayin ya bar keke ɗaya da samansa ke tsirara, famfo, tanti mai faci goma sha ɗaya, da rabin buroshi.

Za a binne shi ranar Asabar da safe a bayan gida, gefen igiyar shanya. Ana roƙon masu ta'aziyya kada su zo da sabon sirdi, kada kuma kowa ya ce ai fata ce kawai. Baban Keke ne zai ɗauki gawar. Matarsa za ta tsaya kusa da shi in ya yarda. Har aka rubuta wannan sanarwa bai ce mata uffan ba, amma yana karɓar maganin da take miƙa masa.